Abin da Fuskar Ruwan Baba Ta Koya Mini

Ruwan baba fuska biyu gare shi. Idan ka leƙa ramin rini da sassafe kafin a motsa shi, za ka tarar kumfa shuɗiya ta taru a tsakiya, a kewaye da ita kuma wata siririyar yana mai ƙyallin tagulla ta lulluɓe ruwan. Sa kara ka yaye yanar, sai ka ga ruwan da ke ƙasa tsanwa ne mai sirkin ɗorawa, babu alamar shuɗi a cikinsa. Kafin ka gama mamaki, gurbin da ka buɗe ya fara duhu, sabuwar yana ta haɗe.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Tungan Magajiya, cikin ƙaramar hukumar Rijau ta masarautar Kontagora. Fatauci ne ya kawo mahaifina wannan ƙasa, amma asalin gidanmu Kura ne a jihar Kano, kakana kuma marini ne. A karofinsu nake yin dogon hutu tun ina yaro. Daga baya da na karanci kimiyyar sinadarai, na tarar akwai masana da suka ƙarar da rayuwarsu a kan abin da ke faruwa a fuskar ruwa, kuma yawancin abin da suka rubuta idona ya riga ya gani a bakin rami. Tsakanin karofi da aji na tsinci darussan nan, ina kuma ganin za su amfani wanda ke koyarwa da wanda ke sana'a.

Darasi na farko: saman ruwa ne ke ba da labarin cikinsa

Ramin rini kan kai gaba biyu ko uku a zurfi, an yaɓe cikinsa da laso don kada ya tsotse ruwa. Ba mai iya ganin ƙasansa. Duk da haka, kakana yakan tsaya a baki, ya dubi yanar, ya shinshina, wani lokaci ya ɗanɗana da harshe, ya yanke hukunci. Wata safiya na matsa masa mu fara tsoma zane domin na ga ruwan ya yi duhu. Ya ce da ni, "Abokina, duhu ba nuna ba ne. Ka ga ƙyalli a kansa?" Na ce, "A'a, Kaka." Ya ce, "To, bai farka ba tukuna. Miƙo mini muciya."

Bayanin wannan magana sai da na girma na same shi. Ganyen baba ba shuɗi ba ne a jikin itacensa. Akwai wani sinadari marar launi a cikinsa, wanda sai an daka ganyen iska ta shige shi sannan ya rikiɗe ya zama shuni. Shi kuwa shuni ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zaren auduga. Aikin toka da katsi da kwanakin jira shi ne warware wannan matsala. Toka tana ba ruwan kaifi. A cikin wannan kaifin wasu ƙwayoyin bakteriya ke hayayyafa, su cinye iskar oksijin da ke ramin, sannan su sauya shunin ya koma wani nau'i mai narkewa, mai launin ɗorawa. Wannan narkakken nau'in ne ke kutsawa cikin zare. Da an fito da zanen iska ta buge shi, sai ya koma shuni kamar da, amma yanzu a kulle cikin zaren. Shi ya sa zane ke fitowa tsanwa, ya yi shuɗi a hannun marini.

Wuri ɗaya ne tak ruwan ramin ke haɗuwa da iska ba tare da an tsoma komai ba, wato fuskarsa. A nan narkakken baba ke komawa shuni kullum, ya taru ya zama yana. Idan babu yana, ƙwayoyin ba su yi aikinsu ba. Idan ta dushe ta daina haɗewa, baba ya gaji. Kakana bai san sunan oksijin ba, amma ya san inda zai duba, ya kuma san ma'anar abin da ya gani. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Wannan sani shi ya ɗauki kasuwancin Kano shekaru aru-aru. Ana cewa karofin Ƙofar Mata ya samo asali tun 1498. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannun tufafin garin suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbuktu. Sai a 1883 Adolf von Baeyer ya gano fasalin ƙwayar shuni, sai a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na masana'anta. Kafin duk wannan, idon marini ne ma'auni.

Darasi na biyu: rashin kayan aiki ba ya hana awo, ƙazanta ce ke hanawa

Yanar ramin baba siririya ce a ido, amma a ma'aunin masana mai kauri ce, domin ƙwayoyin sinadari hawa-hawa ne jibge a cikinta. Akwai shimfiɗar da ta fi ta siranta nesa ba kusa ba, wadda kaurinta ƙwaya ɗaya ce tak.

Ba'amurke Benjamin Franklin ya ba da labari a 1774 cewa ya zuba mai cikin ƙaramin cokali ɗaya a wani tafki da ke Clapham a Landan, man ya bazu ya kwantar da igiyar ruwa a faɗin kusan rabin eka. Duk manomin da ya san rabin eka zai jinjina wannan. A 1890 Lord Rayleigh na Ingila ya auna kaurin irin wannan shimfiɗa da man zaitun, ya samu nanomita 1.6. Nanomita guda kuwa shi ne idan ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya.

Wadda ta fi taɓa zuciyata a wannan tarihi ita ce Agnes Pockels, 'yar garin Braunschweig a Jamus, wadda aka haifa a 1862. A zamaninta jami'o'in ƙasar ba sa ɗaukar mata, ga kuma iyaye marasa lafiya da take jinya. Ƙanenta da ke karatun fiziks ne ke kawo mata littattafai. A wurin wanke-wanke ta fara lura da yadda maiƙo da sabulu ke sauya halin fuskar ruwa. Ta samo kwamin kwano mai tsawon santimita 70, faɗin 5, zurfin 2, ta cika shi da ruwa fal, ta gitta wani sillen kwano a samansa. Idan ta tura sillen, ta matse abin da ke yawo a saman ruwan, idan ta ja shi baya, ta share fuskar ruwan. A 1891 ta rubuta wa Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya sa aka buga ta a mujallar Nature a shekarar. Duk kwamin da ake irin wannan bincike da shi a duniya yau daga nata ya samo tushe. Sai a 1932 jami'ar garinsu ta ba ta digirin girmamawa.

Labarinta ne ya ƙarfafa mini gwiwa na gwada da ɗalibaina, domin kayan gwajinmu ba su taka kara sun karya ba. Muka samo babban faranti, muka cika da ruwa, muka barbaɗa hoda sama-sama, muka ɗauko ɗigon man gyaɗa a bakin siririyar waya muka taɓa tsakiyar ruwan. Man ya ƙi bazuwa, ya tsaya cak. Muna cikin jimami sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, da garin sabulu aka wanke farantin nan jiya. Ko shi ne ya riga man zama?" Gaskiyarta. Ragowar sabulun da ido ba ya gani ta riga ta mamaye fuskar ruwan, ba ta bar wa man wuri ba. Muka ɗauraye farantin da ruwan zafi sosai, muka tari ruwan sama, muka hana kowa taɓa ciki da yatsa. Da wayar ta taɓa ruwan, hodar ta watse gefe a ƙiftawar ido, aka bar fili kewayayye a tsakiya.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, idan ya bazu ya yi da'ira mai faɗin kusan santimita 20, kaurin shimfiɗar zai kama wajen nanomita 2. Yaran da suka zo makaranta a ƙasa daga ƙauyukan kewaye sun auna tsawon ƙwayar sinadari da ruler da faranti. Abin da ya nemi hana su shi ne ɗan maiƙon da bai kai a gani ba. Na tuna yadda marina ba sa yarda a kusanci rami da hannu mai maiƙo, ko a tsoma sabon zane ba a wanke shi ba. Ƙa'idar ɗaya ce.

Darasi na uku: yadda aka jeru ya fi yawan waɗanda suka taru

Irving Langmuir, wanda ke aiki a kamfanin General Electric a Amurka, shi ne ya bayyana a 1917 dalilin da ya sa mai ke shimfiɗuwa haka. Ƙwayar irin wannan mai doguwa ce, kanta na son ruwa, wutsiyarta na gudunsa. A saman ruwa, kai na nutse, wutsiya na waje. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1932. Nakan kwatanta wa ɗalibaina abin da filin idi. Da farko jama'a a warwatse suke, kowa da sararinsa. Da an fara matsowa sai a taru rukuni-rukuni. Da an tayar da salla sai a miƙe a yi sahu kafaɗa da kafaɗa, babu gurbi. Haka ƙwayoyin ke yi idan ana tura sillen kwano: suna kwance a warwatse, su haɗu, su miƙe tsaye a jere, har kowace ta tsaya a kan ɗan fili kusan kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in nanomita. Idan aka ƙara matsawa bayan wannan, shimfiɗar ta karye, wasu su hau kan wasu.

Idan ƙwayoyin na rini ne, abin ya fi ban sha'awa, domin launi na sauyawa da jeruwa. Yawancin ƙwayoyin rini faifai ne shimfiɗaɗɗu, kuma suna son manne wa juna. A 1936 da 1937, Edwin Jelley a Ingila da Günter Scheibe a Jamus, kowa a ɓangarensa, sun gano cewa wani rini idan ƙwayoyinsa suka jeru, sai ya fara shan wani launin haske dabam da wanda yake sha yana warwatse. Idan suka jeru fuska da fuska daidai wa daida, launin da suke sha ya karkata wajen shuɗi. Idan kowace ta ɗan zame daga 'yar'uwarta, ya karkata wajen ja. Sinadarin bai sauya ba, yawansa bai ƙaru ba, tsayuwar ce kawai ta bambanta.

Daga shekarun 1960, Hans Kuhn da abokan aikinsa a Marburg, daga baya a Göttingen, suka riƙa ɗaura wa ƙwayoyin rini doguwar wutsiyar mai domin su zauna a saman ruwa maimakon su narke. Suna matse su, suna kwashe su hawa-hawa zuwa kan gilashi. Sun nuna cewa shimfiɗar rini da ta sha haske tana iya miƙa wannan ƙarfin ga wata shimfiɗar da ke kusa da ita da 'yan nanomitoci, amma da an ƙara tazara kaɗan, miƙawar ta yanke. Irin wannan jeruwar rini ce aka yi amfani da ita a fim ɗin ɗaukar hoto. A 1991 kuma Brian O'Regan da Michael Grätzel suka fito da wani nau'in farantin sola wanda shimfiɗar rini mai kaurin ƙwaya ɗaya ce ke kama hasken rana a cikinsa. Ba shi ne irin wanda ake sayarwa a kasuwar Kontagora ba, amma a jami'o'in ƙasar nan ma an gwada shi da rinin zoɓo da na lalle.

Ƙyallin tagulla na yanar baba dangin wannan magana ne. Shuni na shanye haske mai launin ja da ruwan lemo, shi ya sa muke ganinsa shuɗi. Amma idan ƙwayoyinsa suka cushe wuri ɗaya suka yi fuska mai santsi, sai su maido da wani kaso na wannan jan hasken kamar yadda ƙarfe ke yi. Mutanen Kura sun mayar da wannan sana'a. Bayan an rina turkuɗi, mabuga kan barbaɗa masa garin shuni, su ɗora a kan gungume su yi ta bugu har ƙwayoyin su kwanta su daidaita. Daga nan ƙyallin ɗan kura ke fitowa, wanda Abzinawa ke saye da tsada su kai Agadas da gaba. Tungan Magajiya kuwa garin asibiti ne tun zamanin 'yan mishan, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya, don haka kowa ya san maganin gyambon nan da ake kira Ji-Bi. Dubi bakin kwalbarsa inda ya bushe, za ka ga ƙyalli tsanwa-tsanwa mai ruwan zinari, alhali maganin ba wannan launin gare shi ba. Dalilin guda ne.

Na ɗauki wannan darasi har cikin aji. Ɗalibi ba ya ganewa don an jibga masa bayanai. Sai an jera masa su, wannan kusa da wancan, yadda ɗaya zai iya miƙa wa ɗaya.

Darasi na huɗu: duhun da zai daɗe, hawa-hawa ake gina shi

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu da ke rina zannuwa a rabin duro. Ba ta amfani da ganyen baba. Rinin gwangwani take saye, da soda, da farin garin nan mai wari da ake kira haidiro. Abin da bakteriya ke yi a kwanaki, waɗannan na yinsa kafin ruwan zafi ya huce, kuma yana mai ƙyalli na fitowa a saman duronta kamar ta rami. Wata rana na tarar tana yi wa 'yar koyonta faɗa. Yarinyar ta ninka rini a duro don zane ya yi duhu a tsomawa ɗaya, da aka ɗauraye sai rabin launin ya bi ruwa, sauran kuma yana zuba a hannu. Na gaishe ta na ce, "Inna, me ya faru?" Ta ce, "Malam, gaggawa ce. Na ce mata a tsoma a shanya, a tsoma a shanya. Ita tana son ta gama yau."

Abin da ya wuce ƙimar da zare zai iya sha a lokaci guda, a bayan zaren yake daskarewa, ba abin da ya riƙe shi. Amma idan aka tsoma a ruwa matsakaici, aka bar iska ta gama aikinta, aka sake tsomawa, kowane zagaye na ƙara siririn hawa a kan na baya. Baƙin da ake yi wa kore, rigar manya, ta haka ake kai wa gare shi.

Katharine Blodgett, abokiyar aikin Langmuir, mace ta farko da ta samu digirin dakta a fiziks daga Jami'ar Kambirij a 1926, ta bi hanya mai kama da wannan. A 1935 ta nuna cewa idan aka tsoma gilashi a hankali cikin ruwan da ke ɗauke da matsattsiyar shimfiɗa, aka ɗago shi, hawa ɗaya na mannewa a jikinsa, kuma ana iya maimaitawa sau ɗaruruwa. A 1938 ta jera hawa 44 a kan gilashi, ya daina ƙyalli har ya zama da wuya a gane akwai shi. Aikinta da na marini ba abu ɗaya ba ne, domin ita tana ƙirga hawan ƙwaya-ƙwaya, shi kuwa da ido yake kintata. Amma su biyun sun yarda cewa ba a tsallake hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na biyar: fuskar ruwa ta kowa ce

Wanda ya ga yadda ɗigo ɗaya ke mamaye faranti ba zai sake raina abin da ake zubarwa a kwata ba. Ta fuskar ruwa iska ke shiga rafi kifi ya shaƙa. Ta nan ne 'ya'yan sauro ke maƙalewa su yi numfashi, shi ya sa tun da daɗewa ma'aikatan lafiya ke zuba mai a kududdufi don kashe su. Abin da ke kashe ɗan sauro a kududdufi idan an yi shi da ƙa'ida, shi ne ke cutar da sauran halittu a rafi idan an yi shi da ganganci.

Ruwan tsohon rami ba a zubar da amfaninsa. Laka ta ƙasa ana kwashe ta a ƙona ta zama katsi, a mayar cikin sabon haɗi ko a yi laso da ita. Ruwan duro na zamani kuwa soda ce mai ƙona fata, ga ragowar rini. Idan aka tuttular da shi a lungu, damina ta kwashe shi zuwa rafin da Fulani ke shayar da shanu, mata ke wanki, yara ke iyo. Haka baƙin man inji da ake zubarwa a bakin titi, wanda ke yin bakan gizo a saman ruwa. Maganin bai fi ƙarfinmu ba. A haƙa rami nesa da rijiya a riƙa zuba ruwan rini a ciki, a bar shi ya sha iska har rinin ya daskare ya kwanta, mai rini kuma ta sa safar roba ta kare hannunta da idonta.

Kirana ga 'yan'uwana malamai shi ne mu daina jiran ranar da za a kawo mana cikakken ɗakin gwaji kafin mu nuna wa yara kimiyya da idonsu. Faranti da hoda da man gyaɗa suna kowane gida. Mai rini tana kowace unguwa, kuma abin da manhaja ke kira sauyin sinadari ta hanyar ƙarin oksijin ko raguwarsa yana faruwa a duronta kowace safiya. A kai ɗalibai wurinta, a gaishe ta da ladabi, a bar ta ta yi bayani da bakinta, sannan malami ya ɗora nasa. Ita za ta ƙaru da sanin illar soda, yaran za su ƙaru da sanin cewa ilmin da ke littafi ya shafi sana'ar iyayensu. Karofi da yawa a ƙasar Hausa sun riga sun cike da ƙasa, dattawan da suka iya karanta ruwan baba kuma suna ƙarewa. Duk malamin da ke da irinsu a kusa, ya je ya zauna da su da littafi da alƙalami tun suna raye.